Jaridar Harabar Jami'a a Nijeriya: Tarihinta Daga Ibadan Zuwa Yau

Jaridar harabar jami'a ita ce wadda ɗalibai ke nemo labaranta, su tace su, su fitar da ita domin 'yan'uwansu ɗalibai da malamai da sauran ma'aikatan makarantar. Ta sha bamban da takardar sanarwa da ofishin hulɗa da jama'a na jami'a ke bugawa, domin waccan bakin hukuma ce. A Nijeriya irin wannan jarida ta girmi 'yancin kai da shekara goma ko fiye, tun da tare ta taso da kwalejin jami'a ta farko da aka buɗe a Ibadan cikin 1948. Daga wancan lokaci zuwa yau ta sauya kama sau da dama. Ta taɓa zama mujallar da ake kai wa maɗaba'a, ta zama 'yan fallayen takarda da aka gurza a inji, ta koma allon da ake manna rubutu a bakin ɗakin kwanan ɗalibai, yanzu kuma mafi yawanta tana cikin wayar hannu. Duk da sauye-sauyen nan, tambaya ɗaya ke bin ta tun farko, wato wane ne mai ita. Wanda ke sayen takarda da tawada, kuma yake riƙe da makomar ɗaliban da ke rubutun, shi ke da ta cewa a kan iyakar abin da jaridar za ta iya faɗa.

Tushen al'adar

Al'adar ta fi daɗewa a jami'o'in Amurka da Ingila. An kafa jaridar ɗaliban Jami'ar Harvard, The Harvard Crimson, a 1873, ta Jami'ar Yale kuma, Yale Daily News, ta fara fita a 1878. Ɗaliban Oxford sun kafa tasu, Cherwell, a 1920. Abin lura game da manyan jaridun ɗaliban Amurka shi ne da kuɗin talla da gudummawar tsofaffin ɗalibai suke gudana, ba sa jiran kasafin jami'a, don haka suna iya taɓa wanda ba a saba taɓawa ba. Misali na kusa shi ne abin da ya faru a Jami'ar Stanford. Daga ƙarshen 2022 jaridar The Stanford Daily ta yi ta buga rahotanni a kan matsalolin da ke cikin wasu takardun binciken kimiyya masu ɗauke da sunan shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne. Kwamitin da aka kafa bai same shi da laifin ƙirƙirar sakamako da hannunsa ba, amma ya ce bai tashi tsaye wajen gyara kurakuran ba. A Yulin 2023 ya sanar da ajiye muƙaminsa. Ɗalibin da ya ja gaban binciken kuwa a shekararsa ta farko yake a jami'ar.

Sai dai ba daga Turawa kaɗai ɗaliban Nijeriya suka ɗauki abin ba. Kafin a yi jami'a ƙasar ta riga ta saba da jarida. Iwe Irohin ta fara fita a Abeokuta a 1859, Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta bayyana a Zariya a Janairun 1939. Samarin da suka shiga Ibadan sun tashi ne suna ganin alƙalami na ja-in-ja da gwamnatin mulkin mallaka, kuma da yawansu sun fito daga makarantu irin su Kwalejin Gwamnati ta Umuahia da King's College ta Legas, inda aka saba fitar da mujallar makaranta.

Ibadan da jaridunta na farko

An soma karatu a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a Janairun 1948 da ɗalibai 104 da aka ɗauko daga Babbar Kwalejin Yaba. Mazauninta na farko tsohon asibitin soja ne a Eleyele, shugabanta na farko Kenneth Mellanby, digirin da take bayarwa kuma na Jami'ar Landan ne. A 1952 aka buɗe mazauninta na dindindin, sai a 1962 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. A shekarun farko al'umma ce ƙarama, kowa ya san kowa, a wuri ɗaya ake kwana, a wuri ɗaya ake cin abinci. Babu ƙasar da ta fi irin wannan dacewa da shukar jarida, domin duk abin da aka rubuta da safe za a yi muhawara a kansa a ɗakin cin abinci kafin dare.

Babbar mujallar ɗaliban wancan zamani ita ce University Herald. A cikinta ake samun sharhin edita da maƙaloli da gajerun labarai da waƙoƙi da labarin wasanni da na ƙungiyoyi. Sunanta bai ɓace ba har yau saboda wani saurayi daga Ogidi da ya shiga kwalejin a 1948 domin karatun likita, bayan shekara ɗaya ya sauya sheƙa zuwa Turanci da tarihi da nazarin addini. Shi ne Chinua Achebe. A 1950 Herald ta buga rubutunsa na farko, wata 'yar maƙala ta raha a kan rayuwar ɗalibi, kuma a zangon karatu na 1951 zuwa 1952 shi ne editanta. Gajerun labaran da ya rubuta a shekarun nan sun taɓo karon da ake yi tsakanin al'adar iyaye da sabon tsarin da boko da mishan suka zo da shi, wanda shi ne jigon da ya faɗaɗa a littafinsa Things Fall Apart na 1958. An sake buga wasu daga cikinsu a 1972 cikin tarin labaransa mai suna Girls at War. Mabel Imoukhuede, wadda daga baya duniya ta sani da Mabel Segun, marubuciyar littattafan yara, ta yi aiki tare da shi a wannan mujalla, a lokacin da mata 'yan ƙalilan ne a kwalejin.

Kusa da Herald akwai wata ƙanwarta mara kunya, The Bug. Sunan na nufin ƙwaro mai cizo, kuma aikinta ke nan: zambo da habaici da tonon silili, galibi da sunayen ɓoye. Amma ba shaƙiyanci kaɗai take ɗauka ba, domin Achebe kansa ya aika mata rubuce-rubuce a kan falsafa da 'yancin karatu. Ɗalibai kuma sun rarrabu cikin jam'iyyun siyasar haraba, kowace na neman bakin magana. Wole Soyinka, wanda ya zauna a Ibadan daga 1952 zuwa 1954 kafin ya wuce Jami'ar Leeds ta Ingila, ya riƙe editan The Eagle, 'yar takardar da ake gurzawa ta jam'iyyar ɗalibai ta Progressive, inda ya kaifafa irin gugar zanar da aka san shi da ita daga baya. A 1986 ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi.

Yana da kyau a fahimci yadda ake gurza irin waɗannan takardu, domin sauƙinsa ne ya ba ɗalibai baki. Ana buga rubutun da tafireta a kan wata takarda mai kakin zuma da ake kira sitensil, haruffan su huda ta, sannan a naɗa ta a jikin gangar injin Gestetner mai tawada, a riƙa juya hannu, kwafi na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku da tafireta ɗaya da rim ɗin takarda sun isa su fitar da jarida a dare guda. Ba a bukatar maɗaba'a, ba a bukatar jari mai yawa. Aibinsa shi ne takardar ba ta da ƙarko, tawadar na dushewa, kuma ba kowa ke tunanin ajiye abin da ya saya da kwabo biyu ba.

Mafi tasiri cikin waɗannan 'yan takardu ita ce The Horn, mujallar waƙoƙi da John Pepper Clark ya fara fitarwa a Janairun 1958 yana ɗalibin Sashen Turanci. Wani matashin malami, Martin Banham, wanda ya zo daga Leeds inda ya saba da irin wannan mujalla ta ɗalibai, shi ya kawo shawarar kuma ya tallafa. Abiola Irele, wanda ya zama babban masanin adabin Afirka, ya gaji Clark a kujerar edita, daga baya Dapo Adelugba da Omolara Ogundipe su ma suka riƙe ta. Waƙoƙin Christopher Okigbo da na Soyinka sun fito a shafukanta. Ba ta wuce shekara shida zuwa bakwai a duniya ba, ta tsaya a 1964, amma duk mai rubuta tarihin waƙar Turanci ta zamani a Nijeriya sai ya bi ta kanta. A daidai wannan lokaci irin haka na faruwa a Kwalejin Makerere ta Yuganda, inda mujallar ɗalibai Penpoint ta buga labaran farko na Ngugi wa Thiong'o.

Akwai kuskuren da ake yawan yi idan ana ba da wannan tarihi, wato a ɗauka jaridun nan makarantar renon manyan marubuta ce kawai. Mafi yawan abin da ke cikinsu ƙorafi ne a kan abinci da ruwa da dokokin ɗakin kwana, da rikicin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, da muhawara a kan ko ya dace ɗan Afirka ya riƙa sa kwat zuwa cin abincin dare. Wannan tarkacen shi ne darajarsu a wurin masanin tarihi, domin a nan ake ganin yadda mutanen da suka karɓi ragamar ƙasa a 1960 suke tunani tun suna 'yan shekara ashirin. Akwai kuma ɓangaren da ba abin alfahari ba ne. Takardun zambo, a Ibadan da sauran jami'o'in da suka biyo baya, sun sha cin mutuncin mutane a ɓoye, kuma ɗalibai mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Hukumomin jami'a sun daɗe suna kafa hujja da wannan idan za su taka wa jaridun ɗalibai birki, ko da abin da ya ɓata musu rai wani ne daban.

Jaridar da ta zama darasi

Wani sabon salo ya shigo da aka fara koyar da aikin jarida a matakin digiri. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a Oktoban 1960, ta kafa Kwalejin Aikin Jarida ta Jackson a 1961, sunan da aka ɗauko daga iyalin da suka gudanar da tsohuwar jaridar Lagos Weekly Record. Azikiwe, wanda shi ne ƙashin bayan kafa jami'ar, ɗan jarida ne da ya yi karatu a Amurka, saboda haka tsarin Amurka aka bi, inda sashen ke da jaridar gwaji da ɗalibai ke koyon aiki a kanta. Ta Nsukka ita ce The Record. Jami'ar Legas ta fara nata shirin a 1966, jaridar sashenta kuma ita ce Unilag Sun. A Nsukka ɗin dai ɗaliban Turanci suka kafa mujallar adabi The Muse a 1963, wadda ta tsallake yaƙin basasa ta ci gaba da fita.

Jaridar sashe na da fa'idar da 'yan takardun Ibadan ba su da ita. Ba ta mutuwa don edita ya gama karatu, kuma a kanta ɗalibi ke koyon tantance labari da jin ta bakin kowane ɓangare da tsara shafi da neman talla. Amma malami ne ke duba ta, maki ake bayarwa a kanta, kuɗinta kuma daga sashe ko daga aljihun ɗaliban ajin yake fitowa. Jaridar da shugaban sashe zai sa wa hannu da wuya ta binciki yadda aka kashe kuɗin gyaran ɗakunan kwana. Ga kuma matsalar jinkiri: a wurare da dama sau ɗaya take fita a zango ko a shekara, kafin ta iso hannu labarin ya riga ya kwana.

Arewa da batun harshe

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoban 1962, a kan harsashin makarantun da suka riga ta, ciki har da reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano na ƙarƙashinta har zuwa lokacin da ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Samaru ta yi suna a shekarun 1970 da 1980 da zafin muhawara tsakanin masu ra'ayin gurguzu da ƙungiyoyin addini da 'yan kishin ƙasa, kuma takardar da aka gurza da allon manna rubutu su ne makaman kowane ɓangare. A fagen adabi, Sashen Turanci na Zariya ya fitar da mujallu irin su Kuka da Saiwa, na Kano kuma ya fitar da Kakaki. A fagen koyar da aikin jarida Jami'ar Bayero ce ta riga sauran jami'o'in Arewa, tun ƙarshen shekarun 1970, kuma jaridar gwajin sashenta ita ce Bayero Beacon. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, a 'yan shekarun nan, ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jarida irin su Pen Press sun yi fice wajen aika rahotanni har zuwa jaridun ƙasa.

Sunayen Kuka da Saiwa da Kakaki na da abin dubawa. Suna na Hausa, ciki kuwa Turanci. Haka lamarin yake a mafi yawan jaridun haraba na Arewa, kuma dalilin a fili yake: jami'ar tarayya na tara ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasa, da Turanci ake koyarwa, da shi kuma ake neman aiki bayan an gama. Rubutun Hausa na ɗalibai ya fi samun mafaka a mujallun ƙungiyoyin Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, inda waƙa da maƙala da nazarin al'ada suka rinjayi labari.

Sakamakon haka shi ne aikin jarida na Hausa ya girma ne a wajen katangar jami'a. Abubakar Imam, editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, ɗalibin Kwalejin Katsina ne kuma malamin Makarantar Midil ta Katsina, a bakin aiki ya koyi jarida tare da Rupert East a Zariya. Waɗanda suka biyo bayansa a Kamfanin Gaskiya da gidan rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, su ma galibi a wurin aiki suka goge. Har yau ɗalibi na iya gama digirin aikin jarida a Arewa bai taɓa rubuta kanun labari da Hausa ba, alhali kuwa kafofin da ke ɗaukar ma'aikata a yankin, daga gidajen rediyon jihohi da masu zaman kansu zuwa jaridu irin su Aminiya, da Hausa suke cin abinci. Inda harshen ya fi samun ƙofa a haraba shi ne rediyo. Jami'ar Legas ce ta fara samun lasisin tashar rediyon jami'a a farkon shekarun 2000, wasu suka biyo baya, ciki har da BUK FM ta Kano mai watsa shiri a kan mita 98.9, wadda siginarta ke fita har unguwannin da ke kewaye da jami'ar. Tashar da maƙwabta ke kamawa dole ta yi magana da harshen maƙwabta.

Zamanin soja

Tarihin jaridar haraba ba ya rabuwa da na ƙungiyar ɗalibai, domin sau da yawa ƙungiyar ce ke da injin gurzawa da kuɗin takarda. An kafa Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya ta Ƙasa, NUNS, a 1956, kuma ta nuna ƙarfinta a Nuwamban 1960 lokacin da ɗalibai suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas don adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Birtaniya, wadda aka soke a Janairun 1962. Ranar 1 ga Fabrairun 1971 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a Ibadan yayin wata zanga-zangar da ta samo asali daga ƙorafin abinci a ɗakin kwana. A Afrilun 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya haifar da boren da ake kira Ali Must Go, da sunan Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta haramta NUNS. A Mayun 1986 an sake zubar da jini a Samaru, abin da ya kai ga rufe jami'o'i da dama a faɗin ƙasar.

Duk lokacin da aka rushe ƙungiyar ɗalibai, jaridar da ke jingine da ita sai ta bi ta. Dokar soja mai lamba 47 ta 1989 ta ƙara ba hukuma ikon haramta ƙungiyoyin ɗalibai, a zamanin da manyan 'yan jarida ma ba su tsira ba, domin a ƙarƙashin doka mai lamba 4 ta 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian. Sai kuma tsadar takarda da ta biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira. Abin da ya ceci aikin a shekarun nan shi ne allon manna rubutu. Ƙungiyar 'yan jarida ta ɗakin kwana ko ta tsangaya za ta rubuta labaranta da hannu ko da tafireta, ta manna a allo mai gilashi da kwaɗo a farkon mako, ɗalibai su yi cincirindo suna karantawa a tsaye. Kwafi ɗaya tak ake bukata, don haka babu kuɗin bugu. A Ibadan waɗannan ƙungiyoyi sun haɗu a ƙarƙashin inuwar Ƙungiyar 'Yan Jaridar Haraba, UCJ, tsarin da ya bazu zuwa wasu jami'o'i da sunaye mabambanta.

Doka, intanet da rawar Abuja

A kan takarda ɗalibi ɗan jarida na da kariya irin ta kowane ɗan ƙasa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki da na mallakar kafar yaɗa labarai, in ban da rediyo da talabijin da ke bukatar izini. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati, ciki har da jami'o'in tarayya, amsa bukatar bayani cikin kwana bakwai. A ɗaya ɓangaren akwai dokokin ɓata suna, da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi a kan 'yan jarida har aka yi masa gyara a 2024.

Amma abin da ɗalibi ya fi tsoro ba kotu ba ne. Ya yi rantsuwar biyayya ranar da aka karɓe shi, ƙungiyarsa sai ta sabunta rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma kwamitin ladabtarwa na iya ɗaukar rahoto a matsayin zubar da mutuncin jami'a. A 2018 Jami'ar Ibadan, mahaifar University Herald, ta dakatar da wani ɗalibin shari'a na tsawon zango biyu saboda maƙalar da ya rubuta a jaridar The Guardian a 2016 a kan halin da ɗakunan kwanan ɗalibai ke ciki, hukuncin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin kare 'yancin 'yan jarida. Hukumar da ake ba da rahoto a kanta ita ce mai gabatar da ƙara, ita ce alƙali, kuma ita ke riƙe da takardar shaidar digiri. Babu editan jaridar ƙasa da ke aiki cikin irin wannan ƙunci.

Zuwan wayar salula a 2001 da yaɗuwar intanet bayan haka sun sassauta wani ɓangare na matsalar. Shafin intanet da Facebook da WhatsApp sun kawar da kuɗin bugu, kuma sun sa rahoton da a da zai tsaya a allo ɗaya yana iya kaiwa ga ministan ilimi a yini guda. Jaridun ƙasa ma sun buɗe ƙofa, misali shafukan Campus Life na jaridar The Nation.

A nan ne Abuja ta shigo cikin labarin. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, ta zo ne bayan zamanin injin gurzawa ya fara shuɗewa, saboda haka tasirin birnin a wannan fage ya fi fitowa ta hukumomi da cibiyoyin da ke zaune a cikinsa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tsara abin da sashen aikin jarida zai mallaka kafin a amince da shi, kuma a 2020 ta sanar da rarraba kwas ɗin zuwa fannoni bakwai, ciki har da aikin jarida da watsa shirye-shirye da hulɗa da jama'a da talla da fim. Hukumar NBC ke kula da lasisin rediyon jami'o'i. Cibiyar CJID, wadda ta samo asali daga jaridar Premium Times, na gudanar da shirin Campus Reporter da ke horar da ɗalibai binciken ƙwaƙwaf da sa ido a zaɓe, tare da buga rahotanninsu a dandalin da ba ya ƙarƙashin kowace jami'a. Wannan ya kawo sabon mai jarida cikin tarihin, wato cibiyar waje mai tallafin masu ba da agaji. Ta fi sashe 'yanci, amma ita ma tana da abubuwan da ta fi so a rubuta a kansu, kuma ba ita za ta zauna gaban kwamitin ladabtarwa ba.

Matsalar adanawa

Jaridar ɗalibai na sauya ma'aikatanta kaf cikin shekara huɗu, yajin aiki kuma na katse mata numfashi. Na malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Saboda haka kaɗan ne daga cikinsu ke da cikakken jerin fitowarsu a ajiye. Dalilin da ya sa aka san tarihin jaridun Ibadan dalla-dalla shi ne ɗakin karatun kwalejin, ƙarƙashin John Harris, ya ɗauki tara duk abin da aka buga a ƙasar da muhimmanci, kuma wata doka ta 1950 ta wajabta a kai masa kwafi biyu na kowane bugu. A irin waɗannan tarin ne masana kamar Bernth Lindfors suka tono rubuce-rubucen ƙuruciya na Achebe da Soyinka.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ɗora wa kowane mai wallafa mai zaman kansa kai kwafi uku na abin da ya buga, amma takardar da aka manna a allo ba ta shiga wannan lissafi, ana yage ta ne a ƙarshen mako a manna wata. Mai neman jaridun ɗaliban Arewa na shekarun 1970 da 1980 sai ya haɗa da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru da Gidan Arewa a Kaduna da akwatunan tsofaffin ɗalibai. Na intanet ma ba su tsira ba, domin shafi na rufewa idan ba a biya kuɗin sabunta shi na shekara ba, kuma sau da yawa kalmar sirrin shiga shafin na tafiya ne tare da editan da ya gama karatu ya wuce hidimar ƙasa.